Waliyyi Jerom, Malamin da Ya Bi Diddigin Sunayen Littafi Mai Tsarki

A ranar 17 ga watan Disamba, da kuma a Misar yammacin jajiberen Kirsimeti, akan karanta mana farkon Bisharar Matiyu, inda aka jera kakannin Ubangijinmu Yesu tun daga Ibrahim. Mukan kasa kunne sa'ad da aka ambaci Ibrahim da Dawuda, amma da zarar an shiga sunaye irin su Hesruna, da Abihudu, da Azuro, sai hankalin da yawa daga cikinmu ya koma gida, mai karatu kansa yana ta tuntuɓe, yana Allah-Allah ya kai ƙarshe. Akwai wani bawan Allah da bai yarda a tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba. Ya ba da shekarun ransa yana tambayar ma'anarsu da asalinsu. Shi ne Waliyyi Jerom, firist kuma Malamin Ikkilisiya, wanda muke bikin tunawa da shi ranar 30 ga watan Satumba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Jerom wajen shekara ta 347 a garin Sitiridon, kan iyakar lardunan Dalmatiya da Fanoniya, wato yankin Balkan, wajen ƙasar Kuroshiya ta yau. Iyayensa Kirista ne masu abin hannu. Sunan mahaifinsa Yusebiyus. Sunan da aka raɗa wa yaron shi ne Hiyeronimus, kalmar Helenanci wadda ke nufin suna mai tsarki, sai ka ce tun ranar suna aka nuna masa aikin da zai yi.

Yana yaro aka aika da shi Roma karatu. Ya zauna a gaban Donatus, mashahurin malamin nahawun Latin na wannan zamani, ya ƙware a karatun marubutan Romawa, musamman Sisero da Birjil. Ba a yi masa baftisma yana jariri ba, gama al'adar iyalai da yawa ce a lokacin su jinkirta. A Roma ya karɓi baftisma wajen shekara ta 366. Shi da abokansa sukan ziyarci kaburburan shahidai na ƙarƙashin ƙasa ran Lahadi, duhun wurin da shirunsa kuwa ba su taɓa fita daga zuciyarsa ba.

Bayan karatu ya tafi Tiriya, a ƙasar Jamus ta yau, inda ya soma kwafar littattafan addini da hannunsa. Daga can ya koma Akwileya, a arewacin Italiya, ya shiga ƙungiyar wasu samari masu neman zaman tsarki. Cikinsu akwai Rufinus, amininsa, da Kuromatiyus, wanda daga baya ya zama bishop na garin.

Mafarki da hamada

Wajen shekara ta 373 ya nufi Gabas, ya sauka a Antakiya ta Suriya. Ko da yake ya rabu da gida da dangi, bai iya rabuwa da littattafansa ba. Yakan yi azumi, sa'an nan ya ɗauki Sisero. In ya buɗe littattafan annabawa kuwa, sai ya ji Latin ɗinsu ba daɗi a kunnensa. A wani lokacin Azumi zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, har aka fid da rai. Cikin wannan hali ya yi mafarki an gurfanar da shi gaban Alƙali, aka tuhume shi da cewa almajirin Sisero ne, ba na Almasihu ba, aka kuma yi masa bulala. Ya farka da alkawarin mai da dukan basirarsa ga Maganar Allah.

Sai ya shiga hamadar Kalkis, kudu maso gabas da Antakiya, ya zauna tare da masu zuhudu shekara biyu zuwa uku. Rana ta ƙone shi, azumi ya ramar da shi, amma tunanin shagulgulan Roma bai bar shi ba. Domin ya kame zuciyarsa, sai ya roƙi wani ɗan'uwa Bayahude da ya karɓi bangaskiyar Kirista ya koya masa Ibrananci. Harshen ya yi masa wuya ƙwarai. Ya sha fid da zuciya ya bari, sa'an nan ya sāke komawa. Ta haka abin da ya ɗauka domin horon kai ya zama taska ga Ikkilisiya duka, gama a wannan zamani da ƙyar a sami malamin Kirista na Yamma da ya iya karanta Tsohon Alkawari a harshensa na asali.

Da ya koma Antakiya, Bishop Faulinus ya naɗa shi firist. Daga nan ya tafi Konstantinoful wajen shekara ta 380, ya ƙara ilmi a wurin Waliyyi Giregori na Naziyanzus, ya kuma soma juya ayyukan malaman Helenanci zuwa Latin.

Shekaru uku a Roma

A shekara ta 382 ya zo Roma, Paparoma Damasus ya riƙe shi ya zama magatakardansa. A lokacin akwai fassarorin Latin iri iri, kowace ikkilisiya da nata, cike da kurakuran masu kwafa. Paparoma ya umarce shi ya gyara Bisharu huɗu bisa ga Helenanci, ya kuwa gama wajen shekara ta 384.

A nan ne kuma wasu mata masu daraja suka taru a gidan Marsela, wata gwauruwa, suna koyon Littafi Mai Tsarki a wurinsa. Cikinsu akwai Faula da 'ya'yanta Bilesila da Yustokiyum. Faula da Yustokiyum sun koyi Ibrananci har suna rera Zabura da shi.

Amma Jerom yana da kaifin harshe. Ya yi rubutu yana ba'a ga firistoci masu son ado da yawon gidajen masu kuɗi. Gaskiya ɗaci gare ta, shi kuwa bai saba sa mata zuma ba. A shekara ta 384 Bilesila ta rasu bayan 'yan watanni na azumi mai tsanani, mutanen gari suka ɗora masa laifi. A watan Disamba na wannan shekara Damasus ya rasu, bangon da yake jingina ya faɗi. Abokan gāba suka taso masa da ƙarairayi, a watan Agusta na 385 ya bar Roma, bai ƙara komawa ba.

Zama a Baitalami

Faula da Yustokiyum suka bi shi Gabas. Suka zaga Ƙasa Mai Tsarki wuri wuri, gama Jerom ya gaskata gani ya kori ji: wanda ya taka ƙasar Yahudiya da ƙafarsa zai fi gane abin da yake karantawa. Suka sauka Masar, ya saurari Didimus Makaho a Iskandariya, suka ziyarci masu zuhudu na Nitiriya. A shekara ta 386 suka zauna a Baitalami. Da dukiyar Faula aka gina gidan zuhudu na maza, da na mata, da masaukin baƙi kusa da kogon da aka haifi Mai Ceto. A nan Jerom ya yi sauran shekarunsa 34.

Bai ɗauki kansa ya gama koyo ba. Ya nemi malaman Yahudawa, ya biya su. Ɗayansu, mai suna Baranina, da dare yake zuwa wurinsa don tsoron mutanensa. Yakan kuma je ɗakin littattafai na Kaisariya ya duba babban aikin Orijen, inda aka jera Ibrananci da fassarorin Helenanci layi layi gefe da gefe.

Littafin sunaye

Tsakanin shekara ta 389 da ta 392 ya shirya littattafai uku, kamar manomin da ke wāsa fartanya kafin damina. Na ɗaya na ma'anar sunayen Ibrananci ne. Na biyu na sunayen wurare ne, wanda ya juyo daga aikin Yusebiyus na Kaisariya, ya ƙara abin da ya gani da idonsa. Na uku tambayoyi ne a kan Littafin Farawa.

Littafin sunayen ya samo tushe daga wani tsohon jeri na Helenanci da ake danganta wa Filo, Bayahuden Iskandariya, da kuma Orijen. Jerom ya tarar da kofofinsa a hargitse, ba biyu da suka yi daidai. Ya bi su littafi littafi, daga Farawa har Sabon Alkawari, a kowane littafi ya jera sunayen bisa ga harafin farko, ya ba da ma'anar kowanne.

Aikin yana da wuya saboda dalilai da yawa. A zamaninsa ana rubuta Ibrananci da baƙaƙe kaɗai, kamar ajamin da ba a sa masa wasali ba, sai ƙarnuka bayansa malaman Yahudawa suka ƙara alamun wasula. Har wa yau akwai sautukan Ibrananci da Latin ba shi da su. Jerom ya lura cewa haruffa uku dabam dabam na Ibrananci duk da harafin S ɗaya ake rubuta su a Latin. Mai jin Hausa zai gane haɗarin nan in ya tuna bambancin sara, da shara, da tsara: in aka rubuta su iri ɗaya, ma'ana ta ɓace. Ga kuma ɓarnar masu kwafa. A Littattafan Tarihi ya tarar an haɗa sunaye biyu ko uku sun zama ɗaya, wani kuma an raba shi biyu, har ba a gane su na Ibrananci ne ba. Saboda haka ya ɗauko wani malamin Attaura daga Tibariya, suka bi littafin tare daga farko har ƙarshe. Ya kuma gargaɗi Faulinus na Nola cikin wasiƙa kada ya rena Littattafan Tarihi, domin cikin sunayen nan akwai mabuɗin labaran sarakuna da na tambayoyin Bishara.

Misalin Feleg

Bari mu ɗauki suna ɗaya mu ga yadda aikin yake. Feleg ba annabi ba ne, ba sarki ba. Ba a rubuta wata magana ko wani aiki nasa ba. Muna samunsa a Farawa 10:25 da 11:16-19, da 1 Tarihi 1:19 da 1:25, sa'an nan a Luka 3:35 cikin kakannin Yesu. Shi ɗan Eber ne, ɗan'uwan Yokatan, mahaifin Reyu. Daga Shem ɗan Nuhu zuwa Ibrahim tsara goma ce bisa ga rubutun Ibrananci, Feleg kuwa shi ne na biyar.

Sunan ya fito daga tushen Ibrananci mai baƙaƙe uku, wanda ke nufin rabawa ko tsagawa. Littafin Farawa da kansa ya ba da dalili, cewa a kwanakinsa ne duniya ta rabu. Wanda ke karatu da Helenanci ko Latin kuwa, Falek ko Faleg kawai yake ji, ba ya ganin abin da ya haɗa sunan da rabuwar. Jerom ya bayyana cewa ma'anarsa rabuwa ce, ya danganta ta da rikicewar harsuna a Babila, ya kuma ga kamar annabci ne ya sa Eber ya raɗa wa ɗansa wannan suna. Rabuwar ta bayyana ma cikin gidan Eber: daga Yokatan aka sami 'ya'ya 13 waɗanda sunayensu ke nuna kabilun kudancin Arabiya, irin su Sheba da Hazarmawet, wato Hadaramaut, daga Feleg kuwa zuriya ta gangaro zuwa Ibrahim.

Masanan zamaninmu sun ƙara wani haske. Wannan kalma a Ibrananci tana kuma nufin magudanar ruwa, wadda ke tsaga ƙasa. Da ita aka kira rafuffukan da ke shayar da itacen nan na Zabura ta 1. Tana da 'yar'uwa a harshen Akadiya na tsohuwar Mesofotamiya, da kuma a Larabci, inda har yau mutanen Oman ke kiran hanyoyin ban ruwansu falaj. Shi ya sa waɗansu ke ganin sunan yana tuna da haƙa magudanan ruwa a ƙasar Babila.

Ko shekarunsa ma sun nuna abin da ya dami Jerom. Rubutun Ibrananci ya ce Feleg yana da shekara 30 ya haifi Reyu, ya ƙara 209, jimla 239. Tsohuwar fassarar Helenanci da ake kira ta Saba'in ta ce 130 da 209, jimla 339. Irin wannan bambanci ne ya tabbatar masa cewa dole a koma mafarin rafi.

Ba mu ce duk abin da ke cikin littafin sunayen daidai ne ba. Ya gāji fassarori da yawa waɗanda ilmin yau ya nuna kuskure ne, shi kansa ya yi wa waɗansu alama cewa an tilasta musu ma'ana. Ga sunan Zarubabel ya kawo ma'ana fiye da ɗaya, ciki har da haifaffen Babila. Sai a ƙarni na 19, da aka iya karanta rubutun Akadiya, aka tabbatar sunan Babila ne mai nufin irin Babila, wato zuriyar da aka haifa a bauta. Akwai kuma kuskuren da ya zama albarka. Cikin ma'anonin sunan Maryamu ya rubuta ɗigon teku, da kalmar Latin stilla. Masu kwafa suka sauya harafi ɗaya ta zama stella, wato tauraro. Daga nan ne muka sami laƙabin Uwarmu, Tauraruwar Teku.

Babban aiki da gardandami

Daga wajen shekara ta 390 zuwa 405 ya juya Tsohon Alkawari daga Ibrananci zuwa Latin. Ba kowa ya yi murna ba, domin jama'a sun saba da fassarar da ta bi ta Saba'in. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta masa a shekara ta 403 cewa a garin Oya, wato Tarabulus ta Libiya, an karanta sabuwar fassarar Littafin Yunusa, jama'a suka ji an sauya sunan tsiron da ya yi wa annabin inuwa. Sun saba jin duma, yanzu sun ji wani tsiro mai yaɗo. Coci ya rikice, har bishop ya koma tsohuwar kalma don kada garkensa ya watse. Jerom ya kāre fassararsa da zafi, amma daga baya su biyun suka zama masu girmama juna.

Ya yi shakkar matsayin littattafan da ba sa cikin jerin Yahudawa, duk da haka ya fassara Tobit da Judit da aka roƙe shi. Ikkilisiya ba ta bi shakkarsa ba, ta riƙe littattafan cikin Nassi.

Gardamar da ta fi ciwo ita ce wadda ta tashi daga shekara ta 393 a kan koyarwar Orijen. Ta raba shi da Bishop Yohanna na Urushalima na ɗan lokaci, ta kuma raba shi da Rufinus, abokin ƙuruciyarsa, har mutuwa. Kalmomin da ya jefi Rufinus da su ba abin koyi ba ne. Ikkilisiya ba ta ɓoye wannan. Shi ma ya san halinsa, ya yi ta tuba da azumi da hawaye.

Kwanakinsa na ƙarshe

Faula ta rasu a shekara ta 404, bayan ta ƙarar da dukiyarta duka a hidimar Allah. A 410 mayaƙan Alarik suka washe Roma, Marsela ta rasu ba da daɗewa ba saboda dūkan da ta sha. Labarin ya girgiza Jerom har ya kāsa aiki. 'Yan gudun hijira suka cika Baitalami, ya ajiye sharhinsa na Littafin Ezekiyel da rana domin ya yi musu hidima, yana komawa kansa da dare. A 416 wasu 'yan tarzoma masu goyon bayan Felajiyus suka kai wa gidajen zuhudun hari, suka sa wuta, aka kashe dikin ɗaya. Bayan 'yan shekaru Yustokiyum ma ta rasu. Idanunsa sun raunana, sai shibta yake yi wa magatakarda. Ya rasu ranar 30 ga Satumba, shekara ta 420, bai gama sharhin Littafin Irmiya ba. An binne shi kusa da kogon haihuwar Ubangiji, daga baya aka kai ƙasusuwansa babban cocin Maryamu a Roma.

Gādon da ya bari

Fassararsa, tare da wasu littattafai da waɗansu suka gyara, ita ce aka sani da Vulgata. Ta yi wa Ikkilisiyar Yamma hidima fiye da shekara dubu, Majalisar Tirent kuma ta tabbatar da ita a 1546. Littattafai Masu Tsarki da aka kwafa a Faris a ƙarni na 13 sukan ɗauki jerin ma'anar sunayen Ibrananci a ƙarshensu, jerin da ya tsiro daga aikinsa. Ana lissafa shi tare da Ambros, da Agustin, da Giregori Babba cikin manyan Malamai huɗu na Yamma. Paparoma Benedict na 15 ya rubuta wasiƙa a kansa a 1920, Paparoma Francis kuma a 2020. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar idinsa a matsayin ranar fassara ta duniya. Duk waɗanda suka yi wahala har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, da masu juya shi zuwa sauran harsunanmu, sawunsa suke bi.

Darasi dominmu

Mu ba baƙi ba ne ga sunan da ke ɗauke da labari. In mun ji Tanko mun san mata ya biyo, in mun ji Gambo mun san bayan tagwaye ya zo, in mun ji Godiya ko Haƙuri mun san abin da iyaye suka gani kafin haihuwar. Haka sunayen Littafi Mai Tsarki suke. Feleg ya ɗauki sunan rabuwa duk ransa, amma Luka ya sa shi cikin kakannin Wanda ya zo domin ya tattara 'ya'yan Allah da suka warwatsu, a ranar Fentikos kuwa kowa ya ji Bishara da harshensa. Allah bai manta da mutumin da ba a san kome game da shi ba sai sunansa, ba zai manta da mu ba.

Saboda haka, masu karatu a coci su yi shiri tun a gida, su koyi furta waɗannan sunaye da ladabi. Iyaye su tambayi Fada ko katekis ma'anar sunan da za su ba ɗansu a baftisma, su kuma gaya wa yaron in ya girma. Kowane gida ya buɗe Littafi Mai Tsarki kullum, ko da aya kaɗan ce. Wanda kuma yake da zafin rai irin na Jerom, kada ya fid da zuciya, gama alherin Allah yana iya yin waliyyi da shi.

Waliyyi Jerom, ka yi addu'a dominmu.